Taƙi Tara Na Ce Masa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina tsugune ina wanke kofunan koko, na ji Inna ta amsa waya a ɗaki, ta ce, "Na'am, Bello." Daga nan ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na ajiye soso na miƙe. Da ta fito ba ta dube ni ba, ta ce, "Saratu, ɗauko mini mayafi. Baba Ummaru ya cika."

Kaka Ummaru Kafinta na Tsafe. Ƙanen mahaifin Inna. Zazzaɓin kwana uku, ya rasu bayan sallar asuba.

Waɗanda suka san ni a wannan dandalin sun san ba na rubutu. Nakan karanta na mutane in wuce. Ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu kafin a ji muryata. Yau dole ce ta sa, ku yi haƙuri da tsawon abin.

Shekara ɗaya da rabi ke nan ana wata magana a kan Kaka, wai tsufa ya taɓa masa ido da tunani har ya kasa auna katako. Maganar ba gaskiya ba ce. Ni na jawo masa ita, kuma ni kaɗai nake da bakin ƙaryata ta, ban yi ba har ya tafi.

Bari in fara da shi kansa.

Asalinsa masassaƙi ne, mutumin Bilbis. Turmi da akushi da muciya ya fara sassaƙawa a gaban mahaifinsa. Sai da ya dawo Tsafe ya koyi aikin katako, yana yin ƙyamare da tagogi da bencina. Amma har ya bar duniya bai yarda da tef ɗin awo ba. Da hannu yake auna komai. Don ƙannena da ba su san taƙi ba: ka buɗe hannunka iyakar buɗuwarsa, daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya, shi ne taƙi ɗaya. Hannun Kaka kuwa faɗinsa kamar faifai.

Ina aji ɗaya na taɓa nuna masa rulata ta lissafi. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya miƙo mini.

"Wagga in ta karye fa?" ya ce. "Ni tawa liƙe take da ni. Ko wanka tare muke yi."

Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. In ya zo gidanmu a Gusau, tun daga zaure zai fara: "Ina amaryata? Ta yi mani tuwo, ko tana can ga boko?" Ni kuwa in ɓuya bayan ƙyaure. Da ya gane ko gaisuwa nauyi take mini, sai ya riƙa gaishe da kansa a madadina. Ya maƙe murya ya ce, "Ina kwana, ango?" Ya koma tasa muryar, "Lahiya lau, Amarya, kin tashi lahiya?" Ya sake maƙewa, "Lahiya lau, sai kewarka." Duk gidan a kwashe da dariya, ni ma in yi tawa a cikin hijabi.

Kujerar tsugunnon da nake kai yau da safe, shi ya sassaƙa mini ina shekara biyar.

Murfin akwatina na makaranta da ya ɓalle, shi ya mayar da shi.

Aljihunsa ba ya rabuwa da aya. Kullum da garin katako a jikinta, sai ka hure kafin ka ci.

To, ga yadda abin ya faru.

Yayata Asma'u, wadda ke aure a Bungudu, ta dawo gida haihuwar fari. Inna tana da tasoshi da kumbuna na mahaifiyarta, suna cikin buhu a ƙarƙashin gado shekara da shekaru. Ta ce tana so kafin suna a yi mata kanta a saman ƙofar ɗakinta, ta jera su, duk wanda ya shigo barka ya gani. Ƙofar kuwa a cikin ɗan lungu take, bango a dama, bango a hagu. Dole kantar ta shiga tsakaninsu cif, ba ƙari ba ragi.

Ta kira Kaka. Ina kusa, ina jin murnarsa ta cikin wayar. Ya ce yana da wani katakon maɗaci da ya ɓoye shekaru, yana jiran aikin da ya cancance shi. "Masu shaguna sun yi ta roƙo na yi masu kanta da shi. Na ce ba na ɗora ma sabulu ba ne."

Bai zo ya auna da kansa ba. Kawu Bello, babban ɗansa, ba ya son yana yawan shiga mota, kun dai san halin da hanya take ciki. Sai Kaka ya ce a sa Babanmu ya auna lungun da taƙi, a faɗa masa. "Hannuna da na Malam Sani ɗaya ne, mun taɓa gwadawa."

Inna ta ce mini in Babanmu ya dawo in tuna masa.

Na manta.

Washegari ya tafi kasuwar Mada da sassafe, ya ce sai jibi. Da hantsi wayar Inna ta yi ƙara. Ta raka Yaya asibiti, ta bar ta a caji. Na duba, Kaka ne, na ɗauka.

"Amarya, an auna?"

Da na ce "na manta ban faɗa masa ba", da shi ke nan. Amma na ji nauyin faɗa, na kuma tuna faɗan da Inna za ta yi mini. Na ce, "Ina zuwa, Kaka." Na ajiye wayar, na jawo turmi na kifa, na hau, na auna daga bango zuwa bango da hannuna. Sau biyu na ƙirga. A tunanina kuskuren da za a iya yi bai wuce na ƙirga ba.

"Tara, Kaka."

"Tara?" ya ce. "Lungun ga ya kai haka? Malam Sani ne ya auna?"

Na ce, "E."

Ina aji biyar a lokacin, ina ɓangaren kimiyya. Tun a aji ɗaya aka koya mana dalilin da ya sa aka daina awo da hannu da ƙafa, har tambayar ta fito a jarrabawa na ci. Amma ina kan turmin nan ko kusa bai faɗo mini ba cewa taƙina ba irin nasa ba ne.

Mako uku ya yi yana aikin. Yaya ta sauka lafiya, ta sami mace. Ana gobe suna suka iso da Kawu Bello, kantar a bayan mota, naɗe cikin tsohon bargo.

Gidan cike yake da mata. Ana daka, ana tankaɗe, dangin mijin Yaya sun iso daga Bungudu. Babanmu ya tafi kasuwar kara sayen rago. Aka shimfiɗa tabarma, Kaka ya kwance bargon da kansa.

Ban taɓa ganin katako mai kyau haka ba. Ja-ja-ja da shi, yana sheƙi. Gabansa an yanyanka shi kamar bakin leshi. A tsakiya tauraro. Kowane gefe kuma ya sassaƙa ɗan zanko, irin na saman sorayen da, ya miƙe sama da tsininsa. Wata ta rangaɗa guɗa.

Hajiya Ige, maƙwabciyarmu, ta ce, "Tsoho, ashe da sauranka!"

"Da saurana mana," in ji shi. "Ke ce dai kinka ƙi ni, kinka auri mai kanti."

Aka jawo benci. Kawu Bello ya hau, aka miƙa masa. Ya kai saman ƙofa, ya karkata ta nan, ya karkata ta can.

Ta ƙi shiga.

Ba kaɗan ta yi yawa ba. Ko yaro ya duba ya san ta fi ƙarfin wurin.

Kawu Bello ya sauke ta. Ya buɗe hannunsa ya bi bangon: ɗaya, biyu, har bakwai. Ya bi katakon: tara.

"Baba," ya ce, "nawa aka ce maka?"

Ina tsaye a gefe, na riƙo kwanon ruwa da hannu biyu zan miƙa wa Kaka. Na ga Inna ta juyo wajena, ta buɗe baki za ta yi tambaya. Kaka ya dubi bangon. Ya dubi katakon. Sannan ya dubi hannuwana a jikin kwanon. Bai kalli fuskata ba sam.

Ya ce, "Bakwai anka ce mani. Ni na ɓata ƙirga."

Inna ta rufe bakinta. Ba wanda ya sake tambayar wa ya auna.

Hajiya Ige ta tafa hannu. "Tsoho, ƙofar gari ka auna ko ƙofar ɗaki?" Mata suka fashe da dariya. Shi ma ya yi. Kawu Bello ne kaɗai bai yi ba.

Wata ta ce a rage gefe ɗaya. Kaka ya ce in aka yi haka tauraron zai bar tsakiyar ƙofa. Dole a cire taƙi ɗaya dama, taƙi ɗaya hagu. Wato duka zankwayen biyu.

Ya ɗora kantar a kan turame biyu, ya ɗauko zarto, ya ce, "Amarya, riƙe mani nan."

Na ajiye kwanon na riƙe. Ya buɗe taƙinsa daidai kusa da hannuna ya yi alama da ƙusa. Har yanzu ina jin ƙarar zarton nan a kunnena. Zanko na farko ya faɗi ƙasa. Muka juya, na biyu ya faɗi. Ina kallo wata baƙuwa ta sharo guntayen da garin katako, ta zuba a murhu ƙarƙashin tukunyar ruwan wankan jego. Ba ta san me ta ƙona ba.

Kantar ta shiga cif. Inna ta goge tasoshinta ta jera. Ranar suna kowa ya shigo sai ya ɗaga kai ya yaba. Tana nan har yau, wanda bai sani ba zai zaci haka aka yi ta.

Ni a lokacin har ajiyar zuciya na yi. Na ce na tsira. Babanmu yana iya yafe komai amma ban da ƙarya, ga shi kuma gaban surukan Yaya. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ba na son kowa ya ga laifin Kawu Bello. Yana son mahaifinsa. Watanni kafin nan Kaka ya yanke a babban yatsa har aka yi masa ɗinki, tun daga lokacin hankalin Kawu bai kwanta ba. Da wannan ya faru sai ya ga ya sami hujja. A makon sunan ya tattara zarto da guduma da gizago da duk sauran kayan, ya zuba a akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo. Inna ta ce cewa ya yi, "Ka huta haka nan, Baba. Yau katako ne, gobe hannu ne." Rumfar da Kaka ya yi shekaru yana aiki a ciki ta zama wurin cajin waya.

Matan da suka zo suna kuwa kowace ta koma da labari. Ya kai Tsafe, ya kai Bilbis, ya kai Bungudu. Masallacin unguwarsu da suka yi magana zai gyara musu tagogi suka kira wani. Mutane suka fara ɗaga masa murya in za su yi magana. Abin da ya fi ɓata masa rai, in ji Inna, shi ne tambayar da aka koma yi masa: "Baba, ka gane ni?" Sai ya faɗa wa mutum sunansa, da na ubansa, da na kakansa, ya ƙara da unguwar da aka haife shi. A yi dariya a ce yau tsoho yana cikin hayyacinsa.

Duk wannan ina ji, Inna tana waya ina gefe ina yankan kuɓewa ko ina guga.

Kowane lokaci sai in ce hutu mai zuwa zan faɗa. Har rubuta abin da zan ce na yi a bayan littafina na kimiyya, na haddace kamar karatun jarrabawa. Sau ɗaya na kai bakin ƙofar Inna, na ɗaga kai na ga kantar, na juya.

Ganina da shi na ƙarshe mako shida ke nan, mun je Tsafe gaisuwar Sallah.

Yana zaune a ƙofar gida kan tabarma, hannuwansa a kan gwiwa. Ya rame. Ya maƙe murya ya ce, "Sannu da hutawa, ango," amma bai kai wasan ƙarshe ba. Ya sa hannu a aljihu ya ba ni aya. Na kai baki zan hure, na ga babu abin hurewa.

Inna ta gaishe shi ta shiga ciki. Zan bi ta ya ce, "Zamna."

Na zauna a gefen tabarma.

"Buɗe hannunki."

Na buɗe. Ya buɗe nasa a ƙasan nawa. Yatsuna ko kusa ba su kai ƙarshen nasa ba.

"Har yanzu tara ce," ya ce, ya yi dariya.

Na fashe da kuka.

"A'a, a'a. Ban da kuka. Kada a ce na doki amarya ranar Sallah."

Na ce, "Kaka, ka sani?"

"Tun kina riƙe da kwanon ruwa. Shekara nawa ina wanga aiki? Ni kaina na ji tara ta yi yawa tun ga waya. Sai na ce Malam Sani ba ya wasa da magana." Ya ɗan tsaya yana murza gwiwa. "In hwaɗa maki gaskiya, Amarya? Da na san Bello zai kwashe mani kaya, wallahi da na tona ki tun ranar. Na zaci dariya za a yi kwana biyu a manta."

Yana murmushi yake faɗa, amma ba wasa yake ba.

Ya ce ya gwada gyara maganar. "Sau biyu na hwaɗa mashi. Ban kira sunanki ba, na ce dai awon da anka ba ni ne ba daidai ba. Ya ce, Baba, kai da bakinka ka ce bakwai anka ce maka, yanzu kuma ka sake magana, ka ga abin da muke gudu ke nan. Kin gani? Duk sadda na buɗe baki, ƙara tabbatar mashi nike. Ke ko 'yar boko ce. In kin hwaɗa zai ji."

Na kasa ɗaga kai.

"Ba wani babban aiki nike so ba," ya ce. "Ƙyauren bayin gidan ga ya karkace. Kullum in za ni alwala ina kallo nai. Ƙusa huɗu ne, Amarya. Ƙusa huɗu."

Na ce, "To, Kaka. Yanzu zan faɗa masa."

Na share fuska na shiga. Kawu Bello yana tsakar gida yana goge babur. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi jarrabawar fita da za mu fara.

"Ke ce likitar gidan nan, Saratu," ya ce. "Kullum ke nake nuna wa yarana. Yarinya ba ƙarya, ba rawar kai. Ba ki taɓa ba mu kunya ba."

Maganar tana bakina. Na haɗiye ta. Na ce, "Na gode, Kawu."

Can Inna ta ƙwala kira, direba ya ce mu kama hanya kafin la'asar. Da muka fito Kaka ya ɗaga gira yana tambayata da ido. Na sunkuya kamar ina gyara takalmi, na ce a hankali, "Zan kira shi a waya."

Ya gyaɗa kai. Bai nuna komai ba.

"To. Allah shi kai ku lahiya. Ki gaishe mani da Malam Sani mai babban hannu."

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da ni.

Na rubuta wa Kawu saƙon tes tun a cikin mota. Ban tura ba. Na ce sai an gama jarrabawa, kada hankalina ya rabu biyu. Aka gama kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Na ce sai Juma'a. Juma'ar ta zo na ce ta gaba. Da na ji yana zazzaɓi na ce bari ya warke tukuna, ai ba a ba mara lafiya zarto.

Yau da safe, Inna tana yafa mayafi a bakin ƙofarta, na faɗa mata. Duka, tun daga turmin. Ta ɗaga kai ta dubi kantar, ta dube ni, ta zauna a dokin ƙofa.

"Shekara ɗaya da rabi, Saratu."

Babanmu yana tsaye da hularsa a hannu, ya ji komai. Ya ce, "Ni ba wanda ya taɓa ce mini in auna wani abu." Har muka isa Tsafe ba wanda ya yi mini magana a motar.

Bayan maza sun dawo daga maƙabarta, Inna ta aika aka kira Kawu Bello ɗakin matarsa. Ya shigo, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Inna ta ce, "Saratu tana da magana."

Na durƙusa. Duk abin da na haddace ya gudu. Na ce, "Kawu, tara na ce masa. Ni na auna, da hannuna. Ya tambaye ni ko Babanmu ne, na ce e. Bai ɓata ƙirga ba. Rufa mini asiri ya yi."

Ya ce, "Sake faɗi."

Na sake.

Ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya riƙe. A waje ina jin masu shigowa gaisuwa suna sallama.

"Sau uku ya gaya mini," ya ce. "Na ukun shekaranjiya ne, jikinsa ya yi zafi. Ya riƙe mini hannu ya ce, Bello, idona lahiya lau yake. Na ce masa to Baba, in ka warke mu yi magana. Na ɗauka zazzaɓin ne."

Na so ya yi mini faɗa. Na so ya ɗaga murya. Bai yi ba.

Ya ce, "Ke kin kasa faɗa, ni kuma an faɗa mini na ƙi ji. Mu biyu ne."

Ya mayar da hularsa ya fita. Ta taga na ga ya nufi inda maza suke zaune a kan tabarmi, dattawan unguwa da mutanen Bilbis da liman. Bai zauna ba. Na ji shi yana cewa, "Jama'a, ku yi haƙuri, akwai maganar da zan gyara a kan Baba." Ban ji sauran ba, mata suka shigo ɗakin.

Da ya dawo ciki ya ce mini, "Na faɗa wa maza. Ban kira sunanki ba. Amma ta bakin mata maganar ta yaɗu, ni kuwa ba zan iya bin su gida-gida ba."

Shi ya sa nake wannan rubutu, daga ɗakin da muke zaman makoki, kuma na sa sunana.

Kaka Ummaru bai rikice ba. Idonsa bai tafi ba. Taƙi tara aka ce masa, taƙi tara ya yanka, ko yatsa ɗaya bai kauce ba. Ni Saratu na ba shi awon ƙarya. Ya ɗauki laifina a gaban mutane don kada in ji kunya, ya rasa sana'arsa a kan haka. Ya roƙe ni in yi magana ɗaya, na amsa masa, ban yi ba.

Ban taɓa ce masa ya yafe mini ba. Kuka na yi, ban roƙa ba. Saboda haka ba zan rubuta a nan cewa ya yafe ba, don ban ji daga bakinsa ba.

Ina roƙon duk wadda ta karanta wannan, in mahaifiyarki ko gwaggonki ta zo sunan 'yar Yaya Asma'u a Gusau, ko ta ji labarin a Tsafe ko Bilbis ko Bungudu, ki karanta mata. Yawancinsu ba su riƙe irin wannan wayar. Hajiya Ige ni zan je in faɗa mata da bakina in mun koma.

Kada ku cika mini wurin nan da "ba laifinki ba ne, ƙuruciya ce". Na san kuna nufin alheri, amma ba shi nake nema ba yau.

Addu'a nake nema.

Allah ya jiƙan Kaka Ummaru, ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi. Yadda ya rufa wa wata asiri a duniya, Allah ya rufa masa nasa ranar tsayuwa. Allah ya ba Kawu Bello da Inna da dukkan iyalansa haƙurin rashinsa. Ni kuma Allah ya yafe mini haƙƙin bawan nan nasa.

Duk wanda ya kai ƙarshen wannan rubutu, don Allah ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya kira sunansa a sujadarsa ta yau. Ummaru ɗan Bilbis, kafinta.

Amin ya Rabbi.